Ƙullin da Yaya Bai Ƙarasa Ba

A tsohon siton da aka mayar wurin koyon hawan bango, an rubuta doka a jikin bango da jan fenti: kafin mai hawa ya ɗaga ƙafa, mai riƙe masa igiya ya duba ƙullinsa. Amma a bango dokar ta tsaya. Ƙarami ba ya laluben ƙugun babba. Ya dai shafa igiyar ya ce "ya yi", kowa ya gamsu, wai ladabi ke nan.

Auta ta shiga wasan ne saboda yayanta, wanda ake kira Ƙadangare, sai wasan ya shiga ranta. A can sama babu mai aikenta, daga ita sai yatsunta da numfashinta. Ran Asabar da hantsi ita ce mai riƙe masa igiya.

Yana cikin ɗaura igiyar a ɗamarar ƙugunsa Koci, mai horar da su, ya shigo. Yaya ya saki igiyar, ya miƙa hannu biyu aka gaisa, aka taɓa hira. Bai koma kan ƙullin ba. Auta ta ga bakin igiyar ya shiga sau ɗaya, bai juyo ya bi sawunsa ya ƙarasa ƙullin ba.

"Yaya, ɗan tsaya in gani."

"Ki ga me? Jiya-jiyan nan nake ɗaura miki igiyar takalmi."

Samari suka kwashe da dariya. Koci ya ce, "Auta, yau kuma ƙadangare za ki koya wa hawan bango?"

Kunya ta lulluɓe ta. Ta ce a ranta watakila idonta ne, ai Yaya ya yi ƙullin nan sau dubu. Ta shafa igiyar.

"Ya yi," ta ce.

Ya hau kamar bangon shimfiɗa ne, farar hodar hannunsa na zubo mata a fuska. Sau biyu ta buɗe baki ta rufe. Ya mari dutsen riƙo na ƙarshe a saman bangon, ya yi ihu, "Riƙe ni, Auta!" ya saki jiki ta baya.

Ta kafe ƙafa tana jiran nauyinsa. Nauyin bai zo ba. Igiyar ta sulalo ita kaɗai.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ne ya karye, maganar ƙafafu kuwa sai an jira. Koci ya tsaya a baranda yana faɗa wa duk wanda ya iso, "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Suna gyaɗa kai. Ba wanda ya yi tambaya kan igiya.

Sai Mama, da ta fito daga ɗakin da takalman Yaya a hannu. Ta zauna kan benci kusa da Auta.

"Sun ce ke ke dubawa. Ba ki gani ba ne, 'yar nan?"

Koci ya yi saurin cewa, "Yarinya ce, Mama, ina za ta..."

"Na gani," in ji Auta. "Na gani, na yi shiru."