Bayan Jan Layi

"Sai wanda ya yi booking ake bari ya hau sama," in ji matar da ke teburin karɓar baƙi, da Turanci, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Amamata ta tsaya tana kallonta. Teburin nan da matar ta jingina a kai, shekara shida ita ke goge shi kowace safiya. Matattakalar da ake hana ta hawa, ta san kowane tsagi da ke jikinta. Amma wannan sabuwa ce, ba ta san ta ba, kuma wa ke riƙe fuskar mai shara?

"To yi mini booking ɗin, ki ba ni kwando ɗaya."

Ta biya. Aka miƙo mata kwandon ƙwallaye da sandar aro. Ta bar musu sandarsu, ta ɗauki kwandon da hannun hagu, don na dama yanzu ko kofin shayi ba ya riƙewa.

Wurin koyon wasan golf ne a bayan unguwar Woolwich ta Landan, bene guda, an yanka shi rumfa-rumfa kamar shagunan kasuwa. Kowa da tabarmarsa ta ciyawar roba, ya tsaya yana dukan ƙwallo zuwa fili. Manyan mutane, wasu har da furfura. A bayan rumfunan an ja jan layi a ƙasa. Dokar guda ce, ko yaro ya san ta: ba a kaɗa sanda a bayan layin, don nan ce hanyar masu wucewa da masu aiki.

A bayan layin nan wani ɗalibi, Abdul-Karim, ya kaɗa tasa, wata biyu da suka wuce. Kocinsa ya sauka ɗauko wani abu, shi kuma ya ja da baya yana gwada hannu. Amamata ta sunkuya za ta ɗauki kwando, ƙarfen ya same ta a wuyan hannu. Ta ji ƙarar ƙashin kafin ta ji zafin.

"Innalillahi!" ta ce.

Ya yar da sandar. "Mama, ashe ke tamu ce?"

Mutumin Kano ne, babban ma'aikaci a council, wato ƙaramar hukuma. Ita kuwa 'yar zongon Kumasi ce, shekara sittin da ɗaya, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ya kama ta, ya fitar da ita ta ƙofar bayan ginin, ya sa ta a motarsa, yana ta sannu. A hanya ya ce, "Mama, kada mu sa Turawa cikin maganarmu. Mu 'yan uwa ne." A asibiti shi ya yi magana da ma'aikatan, ita tana can tana fama da hannu. Bayan kwana uku ya zo dubiya har flat ɗinta, shi da matarsa da limamin masallacinsu, da lemo da kular farfesu. Ya durƙusa a gabanta ya ce ta yafe masa. Babban mutum ya durƙusa, liman na zaune, mace na share hawaye. Me za ta ce? Uwar da ta haife ta ba ta koya mata wata amsa ba. Ta ce, "Na yafe, duniya da lahira." Aka shafa fatiha.

Hannun bai koma daidai ba. Agency ɗin da ya ɗauke ta aiki, kamfanin da ke tura masu shara, ya cire ta daga jerin masu aiki, aka ce ciwon da ta ji a gidanta ba ruwansu da shi. A gidanta! Sai da ta je ofishin ba da shawara kyauta, wata Margaret ta karanto mata takardar asibiti: wai ta faɗi a matattakalar gida. Littafin hatsari na wurin golf babu komai a ciki. Hoton kyamara an goge shi tun bayan kwana talatin. Margaret ta buga takarda shafi ɗaya ta ba ta, ta ce in mutumin ya sa hannu cewa a wurin aiki abin ya faru, za a iya tilasta agency su mayar da ita ko da aiki marar nauyi ne. In bai sa ba, babu inda za a kama.

Ta kira shi sau goma sha ɗaya. Ya daina ɗauka. Amma ta san lokacin zuwansa: kowace Asabar ƙarfe sha ɗaya, a rumfa ta tara.

Yana nan kuwa, da farar hula da safar hannu guda. Kocin, wani dogon Bature, ya durƙusa yana ɗaukarsa hoto da waya. Wata da watanni tana shara tana jin abin da yake faɗa masa, har ta haddace: kana ɗaga kai da wuri, bar kanka a ƙasa, kada ka duba ko'ina sai ƙwallo. Shi kuwa kullum sai ya ɗago, ƙwallo ta karkace ta bugi raga.

Ta ajiye kwandonta a rumfa ta goma ta jira. Da kocin ya tafi wajen wani ɗalibin a can ƙarshe, ta matso.

"Salamu alaikum, Alhaji."

Ya juyo. Fuskarsa ta yi murmushi, idonsa bai yi ba. "A'a, Mama! Wa alaikumus salam. Ya jiki? Wallahi ina ta cewa zan kira, aiki ne ya yi yawa."

"Jiki ga shi." Ta ɗaga hannun. Yatsu biyu sun lanƙwashe, ba sa miƙewa. Ya kalli gefe. Ta zaro takardar daga jaka da hagu. "Sa mini hannu a nan. An ce gaskiya ce kawai a ciki. Karanta, kai ka yi boko."

Ya karɓa da safar hannunsa, ya karanta har ƙasa, ya ninke ta yadda take.

"Mama, wa ya kai ki wajen mutanen nan? Ai maganar nan ta wuce. A gaban liman kika yafe."

"Na yafe maka hannun. Ban ce ka je ka ce bai faru ba."

"Rage murya, don Allah."

"Muryar ma ka karya ta mana, ka huta! Wace matattakala na faɗo a kai? Flat ɗina a ƙasa yake, ai ka zo ka gani da idonka, ka zauna a kujerata."

"Don in rufa miki asiri na faɗi haka. Da sun ce kin yi sakaci, kin shiga inda ake wasa."

"Ni na shiga? Ina ka tsaya ranar? Nuna mini da ƙafarka."

Bai nuna ba. Ya matso kusa, ya sassauta murya kamar mai lallashin mahaifiyarsa. "Ki fahimce ni. In na sa hannu a nan, na rubuta da kaina cewa na faɗi abin da ba haka ba a asibiti. Wurin aikinmu ba sa wasa da irin wannan. Ina da iyali. Wata mai zuwa ma da shugabannina zan buga, shi ya sa kika ga ina ta wannan wahalar. Ki bari, zan yi wa wani magana, a samo miki wani abu."

"Da wane hannun zan yi wani abun?"

"Allah zai kawo mafita."

"Ya kawo. Ga ta nan a hannunka, ka ninke ta."

Ya sa hannu a aljihu. Ta gane abin da zai ciro.

"Kada ka soma. Ba bara na zo ba. Shekara talatin ina ƙasar nan ban taɓa karɓar benefit na gwamnati ba, da hannuna nake ci. Aikina nake so."

Ya fito da hannun babu komai. Ya miƙa mata takardar. Ba ta karɓa ba, sai ya ɗora ta a kan kwandonta.

Kocin ya dawo yana tafa hannu. Ya dubi Amamata, ya tambayi Abdul-Karim ko tare suke.

"Wata ce daga masallacinmu," in ji Abdul-Karim da Turanci. "Gaisawa muke."

Amamata ta tattaro ɗan Turancin da take da shi. Ta nuna hannunta, ta nuna sandar, ta nuna mutumin. Kalmomin suka watse mata, na Hausa suka riƙa shigowa ciki. Kocin ya saurara da ladabi, yana gyaɗa kai, bai gane komai ba. Ya ce in tana da ƙorafi ta rubuta wa ofis. Sannan ya buɗe tafin hannunsa a hankali, ya ce don lafiyarta, ta taimaka ta koma bayan jan layi.

Ta koma.

Abdul-Karim ya gyara tsayuwa. Ya buɗe ƙafafu, ya sunkuyar da kai, ya kafa wa ƙwallo ido. Tana tsaye taku uku daga inda yake. Ya ɗaga sandar har bayan wuya, ya sauke ta. Ƙwallon ta tashi sak, ta yi nisa, ta faɗi can kusa da tuta ta ƙarshe. Bai ɗago ba.

"Yauwa!" Kocin ya yi tsalle. Ya ce wata shida yake jiran wannan, me ya canza yau?

Ya buga ta biyu, ya buga ta uku, duk haka. Har kwandon ya ƙare kansa na ƙasa. Ya zuba sandunansa a jaka, ya yi booking da kocin na Asabar mai zuwa, ya sauka ta wata matattakalar daban.

Amamata ta ɗauki takardar ta mayar jaka. Margaret ta ce ta dawo Litinin ta gaya mata yadda aka yi. Ƙwallayenta hamsin suna nan cif, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Za ta wuce sai ta ga kwandonsa. Ya bar shi a tsakiyar hanya, inda wani zai iya tuntuɓe da shi. Ta yi tsaki. Ta duba hagu, ta duba dama, ko akwai mai kaɗa sanda. Sannan ta sunkuya ta ɗauke shi da hannun hagu, ta kai shi inda ake jera su.