Fayil ɗin Shu'aibu Bunguɗu

Sau uku Haliru yana matsawa gefe a layi, ya ce wa na bayansa su wuce. Suka yi ta sa masa albarka, su a zatonsu kirki ne. Tsoro ne kawai ya cika masa ciki.

Tun da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, aka kwaso fayilolin 'yan fansho zuwa Gusau, ake raɗe-raɗin cewa da yawa na matattu ne. Shi ya sa kwamitin tantancewa ya kafa ƙa'ida: kowane tsoho zai yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa shi ne mai sunan da ke kan fayil. Sunan da ke kan na Haliru kuwa, Shu'aibu Bunguɗu.

Shu'aibu yayansa ne. Shi ya yi elementare, amma ya ce babu mai raba shi da gona. Da aka zo ɗaukar ma'aikatan gandun daji, sai mahaifinsu ya zaro takardar makarantar daga adaka ya miƙa wa Haliru, kamar mai ara masa riga. A lokacin ko gari guda ba wanda ya ga laifin haka. Shekara talatin da ɗaya Haliru yana amsa sunan a wurin aiki, ya dawo gida ya koma Haliru.

Bara da damina Shu'aibu ya rasu. Matarsa Delu da 'ya'ya biyar suka dawo wuyan Haliru, kuma wannan fanshon ne ke ɗora tukunyar gida biyu. Da safe ma sai da Delu ta tare shi a zaure.

"Ka dafa kawai," ta ce. "Kai ka yi aikin, ba sata ta ba. Allah ya sani."

To, ai sanin Allahn ne ya hana shi barci mako guda.

Layi ya ƙare, babu sauran wanda zai ba hanya. Ya shiga, ruwan alwala bai bushe a gemunsa ba. Ya ɗaga ido. Jami'in da ke bayan tebur Sahabi ne, ɗan unguwarsu, wanda da kafaɗarsa aka ɗauki makarar Shu'aibu.

Sahabi ya dubi fayil, ya dube shi. Ya gaishe shi da ladabi, sannan ya rage murya don kada sauran 'yan kwamiti su ji.

"Baba, ni ban ga komai ba. In ka dafa, in buga hatimi, ka tafi."

Ya turo Alƙur'anin gabansa. Haliru ya miƙa hannu. Ya tuna buhun geron da ya rage bai kai rabi ba. Ya tuna kuma cewa shi da kansa ya karɓi Shu'aibu a cikin kabari, ya kwantar da shi. Hannun ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.

"Ɗana, ba ni iyawa," ya ce. "Shu'aibu kai da ni munka rufe shi. Sunana Haliru."

Ya faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya juyo.

Bayan ya ji bayani, shugaban bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi tayar wa Haliru da hankali. Ya ce za a tsayar da biya, a aika fayil wurin lauyan gwamnati. Ko a gyara suna, ko maganar ta kai kotu, shi bai sani ba. Ya sa Sahabi ya rubuta abin da tsohon ya faɗa, aka karanta masa.

"Sa hannu a nan, Malam Haliru."

Karo na farko ke nan da aka kira shi da sunan a cikin ofis. Ya karɓi biro, ya sunkuya, hannunsa ya fara zana harafin da ya saba. Sai ya dakata. Kalma ɗaya tak ya iya rubutawa da boko, wato sunan yayansa, ita ma Shu'aibu ne ya koya masa a kan rairayi, ana jibi zai fara aiki.

Ya ajiye biron a hankali.

"Sahabi, miƙo mini tawada," ya ce. "Wanga sunan, dangwalawa za ni yi."