Shinkafar Goggo Saratu

Gwadabe mahauci ya riga ya kayar da tauren ya danne shi da gwiwa, Atine na riƙe da ƙafafun baya, sai muryar Goggo Saratu ta fito daga ɗaki, da ƙyar ake jin ta.

"Ku saki dabbar nan. Wa za shi ci?"

Gwadabe ya ɗago ya dubi Atine, wuƙa a hannu. Sama da shekara ashirin ke nan, duk safiyar Kirsimeti shi ake kira gidan nan. Goggo Saratu Kirista ce, mutuniyar Zuru, aikin ungozoma ya kawo ta Gummi tun tana da ƙarfinta, kuma rabin samarin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Ba ta taɓa yarda wani ɗan cocinsu ya yanka mata dabbar biki ba. Sai dai Musulmi ya zo ya fuskanci alƙibla ya yi bisimilla, don kada maƙwabci ko ɗaya ya sami dalilin ƙin cin abincinta.

"Yanka, Gwadabe," in ji Atine. "Komi ke nan, yana wuyana."

A wuyanta kuwa yake, tun bara. Bara war haka Goggo ta aiko da shinkafarta kamar kullum, aka tarar Nafi'u, babban ɗan Atine, ya zo daga Gusau. Ya dubi kwanon ya ce shi a iya karatunsa abincin bikin da ba nasu ba bai kamata a ci ba. Atine ba ta son hayaniya da ɗa mai gemu. Ta ɗauki kwanon ko murfi ba ta ɗaga ba, ta kai ƙofar Goggo ta ajiye ta juyo. Kash! Ashe idon unguwa na kanta. Tunda Atine ma, wadda katanga ɗaya ta raba ta da Goggo, ta mayar, su wa? Kafin la'asar kwano bakwai sun koma cike. Ta saman katanga Atine ta ga tsohuwar tana juye wa kaji shinkafa, kwano bayan kwano.

Yanzu wata biyu ke nan Goggo na kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai a zaune. Ɗanta Nuhu yana Zuru, ya bugo waya jiya cewa direbobi sun ƙi tasowa saboda 'yan bindiga a hanya. Matan zumuntar cocinsu, 'yan kaɗan da ba su bar garin ba, sun zo sun yi mata waƙoƙin haihuwar Almasihu suna buga tulu, yau kuma duk suna coci wajen sujada. Atine ke yi mata wanka, ita ke dama mata kunu. Amma maganar kwanon nan ba wadda ta taɓa tayar da ita, kuma kunyar abin tana cin Atine kullum ta shigo gidan.

Ita da Safara'u, matar gidan da ke kallon nasu, suka ɗora tukwane. Atine ba yarinya ba ce, gwiwoyinta suna ƙara in ta duƙa, hayaƙi ya cika mata ido. Shinkafar fadama ce, sai an tsince tsakuwa an wanke sau uku. Daga kan gado Goggo, wadda ta ce a saki dabba, ta kasa haƙuri.

"Atine, a soya naman tukuna. Ke kullum gishirinki ya yi yawa."

"To, Goggo. Wai ba ke kinka ce a bari ba?"

"Tunda kunka kashe min taure, ai sai ku yi shi daidai."

Da rana ta take suka jera kwanuka sha biyu a tsakar gida, kowanne da yanka uku na nama da ƙullin cincin a leda. Atine ta leƙa ɗaki.

"Naki hwa?" Goggo ta tambaya. Idonta na kan bango.

"Ga shi can na ware. Bari in gama rabo in zo in ci nan gabanki."

"To, ki yi sauri. Na gaji."

Atine ta yafa mayafi ta ɗauki kwano bibbiyu, da ƙafarta, don ba aiken yara ba ne wannan. A kowace ƙofa maganarta ɗaya: "Yankan Gwadabe ne, girkin hannuna. Mai maidowa, ni zai maido ma." Wasu suka karɓa da fara'a suna tambayar mai jiki. Wasu suka karɓa kai a sunkuye. A gidan ƙarshe, can bakin hanyar gulbi, matar gidan ta tsayar da ita da surutu: ai bara ma ba da son ransu ba, ai gani suka yi ita Atine ta fara. Atine ta tsaya ta shanye. Kafin ta dawo an kira azahar, ta shiga gidanta ta yi salla a gurguje.

Ta wanke hannu, ta ɗauki nata kwanon, ta ɗaga labule.

"Goggo, ga ni. Ba wanda yam maido, ko ɗaya."

Ta tarar tsohuwar ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, idanu a buɗe kaɗan, hannu ɗaya ya sauko gefen gado. Atine ta kira ta sau biyu. Ta ajiye kwanon ta taɓa wuyanta, da sauran ɗumi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ta shafe mata ido, ta mayar da hannun, ta ja zane ta rufe ta. Ta leƙa ta gaya wa Safara'u ta je coci ta sanar da su, a kuma buga wa Nuhu. Kuka ma bai zo mata ba, gajiya ce kawai ta sauko mata tun daga kafaɗa, da baƙin cikin 'yan mintocin da ta ɓata.

Ta zauna ƙasa ta jingina da ƙafar gadon. A tsakar gida wata ta yi sallama, aka ji ƙarar kwano fanko da aka ajiye kan siminti. Atine ta jawo nata kwanon kan cinya ta ɗaga murfin. Shinkafar ta huce, man ya fara daskarewa a kan naman. Ta yi bisimilla ta sa hannu.