Sunan da Kaka Ya Faɗa ta Waya

"Mama, ɗaga murya, ba na ji!" Marlee ta toshe kunne ɗaya a ƙofar ɗakin jarrabawa, ɗalibai na bangazarta suna shigewa.

"Kakanki ke nemanki," in ji mahaifiyarta Loretta ta waya daga asibiti. "Tun da jikin ya shanye jiya, Turanci ya ɓace masa ƙaf. Yarenmu kawai yake yi."

A makon nan Kaka Wilfred ya so raɗa mata sunanta na gargajiya na ƙabilarsu ta Blackfoot yadda aka gada: a tara dangi, a kunna turaren ciyawa, dattijo ya faɗi sunan da ƙarfi, ya ɗan tura ka ta baya ka shiga duniya da shi. Tun tana ƙarama yake riƙe da sunan a cikinsa, bai gaya wa kowa ba. Ta roƙi malaminta ya ɗaga mata jarrabawa, ya ce shagalin gargajiya ba uzuri ba ne. Shagali fa! In ta faɗi, tallafin karatu ya tafi, ga shi ita ce ta fara taka jami'a a gidansu. Haka ta haƙura ta zauna.

Sai ga muryar tsohon a shaƙe. Ya faɗi wata doguwar kalma, ya sake, ya kuma sakewa. Nan take ta gane. Sunan ne.

"Kaka, a hankali mana! Mama, me ya ce?"

"Ina zan sani?" Loretta ta fashe da kuka. "Saboda dukan da ya sha yana yaro a makarantar kwana ta Turawa kan yaren nan, rantsuwa ya yi 'ya'yansa ba za su koya ba."

Mai tsaron jarrabawa ya nuna mata agogo. Ta kashe wayar ta shiga. Hannu na rubutu, baki na nanata kalmar kada ta suɓuce.

* * *

Da yamma Kaka ya cika.

A wajen zaman makoki ta nemi tsohuwa Philomena, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun da yaren ya rage a bakinsu.

Tsohuwa ta ce, "A'a, 'yar boko, yau an tuna da mu? Dubi yadda kika rame. Littafi suke dafa muku a can?"

"Kaka, sunana nake so ki gaya mini ma'anarsa."

Ta durƙusa ta faɗa. Tsohuwa ta ajiye kofin shayinta, ta miƙo kunne.

"Sake."

Ta sake. Tsohuwa ta juya kalmar a bakinta, ta ja nan, ta gajarta can.

"Ƙarshen na ji, aakii, wato mace. Sunayenmu mata kusan duk da shi suke ƙarewa. Amma farkon…" Ta girgiza kai, idonta ya ciko. "Jikata, wannan ba magana ba ce. Kin zubar da rabinsa a hanya."

Marlee ta fita waje, ta jingina da motar mahaifiyarta. Ta sake faɗin sunan a hankali, ita kaɗai. Wannan karon ma daban ya fito.