Awa Shida daga Landan

Ranar da Azariya ya rasu, matarsa Afiniki ta je ofishin waya a Kafanchan, ta kira ɗansu Silvanus da ke Landan.

Ya ce, "Mama, kada a binne shi sai na zo. Daga nan zuwa Kano awa shida ne kawai a jirgin sama."

Awa shida! Jirgin ƙasa ma yakan fi haka kafin ya kai Kaduna. Ta hana a haƙa kabari, aka kai gawa mutuware. Ta share wa Silvanus ɗaki, ta surfa acca.

Mako ya wuce, na biyu ya bi. Wuta ta ɗauke a mutuware, gawa ta fara sauyawa. Faston cocinsu ya ce mata a yi haƙuri a rufe Azariya.

Ta sake kira. Silvanus ya yi ta kame-kame, sannan ya ce takardunsa na zama a Landan sun ƙare. In ya fito, ba zai iya komawa ba.

"To, awa shidan fa?"

"Wannan lissafin jirgi ne, Mama."

Ta ce, "Gobe za mu rufe babanka. Ranar tawa, kada ka ce a jira ka."