Layin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Tun rasuwar Baba, injin ƙyanƙyashe ƙwan da ya haɗa da hannunsa ya juya wa gidan baya. Ana zuba ƙwai, a kwashe baragurbi. Yaya ya ce ƙarfen ya tsufa, a kai wa masu gwangwan a huta. Auta, wadda aikinta ke nan rubuta manhajar kwamfuta, ta ji kamar Baban ne za a ɗora a sikeli.

"Yaya, ka bar ni in duba cikinsa tukuna."

"Duba, injiniya. In ya ƙi, sai ki hau ƙwan da kanki."

Ta zauna a ɗakin kaji ta buɗe umarnin da Baba ya rubuta wa injin. Hannunsa ne sak, sunayen da ya laƙaba wa abubuwa a ciki, wani a gutsire, wani kamar zai kai gobe. A kan cinyarsa ta koyi wannan aiki, yana danna madannai da yatsa biyu, ƙaiƙayi duk a gemunsa. Kewarsa ta cika mata ƙirji.

Can ta ci karo da wani layi a cikin umarnin. Ma'aunin zafin injin yana rage gaskiya, Baba kuwa ya sani, har ya lissafa abin da za a ƙara. Sai dai bai ajiye amsar a ko'ina ba. Injin zai yi lissafin tsaf ya watsar, ya ci gaba da gasa ƙwai. Irin wannan layi ba ya zama a banza, akwai abin da mai shi ya nufa bai ƙarasa ba.

Ta kira mahaifiyarta. "Mama, to da can yaya aka yi suke ƙyanƙyashewa?"

"Oho. Ni dai kullum rana ta take sai Babanku ya ja kujera gaban injin, ya ɗora bayan hannunsa a gilashi, ya ɗan buɗe murfin wai su sha iska. Har gori nake masa, in ce kaza ma tana tashi ta yi kiwo."

Ashe Baba ne ke ƙarasa layin da zamansa.

Gyaran bai fi kalma ɗaya ba. Aka zuba sababbin ƙwai. Da kwanakin suka cika, ɗakin ya kaure da kukan 'yan tsaki. Yaya ya sosa ƙeya ya fasa maganar gwangwan. Mama ta daɗe tana kallon injin.

"Yanzu ba sai an zauna masa ba ke nan?"

"Ba sai an zauna ba, Mama."

Ta gyaɗa kai, ta kai gefen mayafinta ido.