Fasfon da Ke Cikin Jakar Hassia

Tun da jirgin ƙasa ya bar Lyon hannun Hassia ke cikin jakarta, yana dafe da fasfonta na Nijar. Shekara tara tana injiniya a kamfanin ƙera na'urorin jiragen sama, yanzu aka zaɓe ta shugabar wani aiki na soja. Abu ɗaya ya rage, jami'in tsaron kamfanin a Paris ya yarda a ba ta izinin ganin takardun sirri, fasfon nan na wata ƙasa kuwa shi zai iya hana ta.

Gwaggo Rékia ta Montreuil kusa da Paris, wadda ba ta rasa dabara, ta riga ta ba ta shawara a waya. "Ke ɗiya, ki ce masu ya ɓace mana! Wa za shi buɗe jikkarki?"

Hassia dai ba ta iya ƙarya ba, ko gyaɗa ta ɗauka tana yarinya fuskarta ke tona ta.

Jami'in, wani dattijo mai suna André, ya jera takardunta a tebur. "Madam, kin zama 'yar Faransa a 2006. Me ya sa kika sabunta fasfon Nijar a 2011?"

Ta ce a shekarar ne mahaifinta ya kwanta rashin lafiya a Maraɗi, aka kira ta ranar Juma'a. Fasfon Faransa kawai gare ta, sai da ta jira biza har Talata. Da ta isa an shafe kwana biyu da binne shi.

"Ba su jira ki ba?"

"Mu ba ma ajiye gawa."

André ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, wannan ma ya fi ba ta haushi, da mugu ne da ta samu wanda za ta yi wa faɗa. Ya ce ba a neman ta bar ƙasarta. Kamfanin zai ajiye fasfon a akwatin ƙarfe, in tafiya ta taso ta rubuto takarda, a ba ta cikin kwana uku.

Kwana uku! Innarta na can Maraɗi da ciwon zuciya, tun bara ba ta fita ko ƙofar gida. Hassia ta fito da fasfon ta aza a tebur. Shekara tara take jiran wannan kujera, wallahi tana son ta. André ya tura mata takardar sa hannu da alƙalami.

Ta dubi alƙalamin. Sannan ta ɗauki fasfonta ta mayar cikin jaka.

"Kin san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani."

A tashar jirgi ta kira Maraɗi, hawaye na zuba. Muryar Inna ta fito can ƙasa-ƙasa.

"Hassia, an ba ki aikin?"

"Ba a ba ni ba, Inna."

"Allah shi sa haka ya fi alheri. To yaushe za ki zo?"

"Duk ranar da aka kira ni, a ranar zan taso."